Bishiyar Da Aka Yi Wa Rainon Kabeji

Akwai wani manomin kabeji a garin Da Lat mai suna Khiem, mutumin da ko ruwan sama ya sauka kan kari sai ya ce shawararsa aka bi.

Ɗansa Dinh na neman auren wata yarinya. Da sabuwar shekara ta matso, lokacin da ake kai wa surukai bishiyar tukunya mai 'ya'ya, Khiem ya ce shi ya wuce kai lemo kamar kowa. Ya sayo buluberi tukunya biyu, mai 'ya'yan nan shuɗaye ƙanana, ya girke a ƙofar gida don masu wucewa su gani su ƙone.

Sai ya barbaɗa musu farar ƙasa, kamar yadda yake yi wa gonar kabejinsa.

Ba a jima ba ganyen ya fara komawa rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suka rage kore.

Matarsa Nhan ta ce, "Baban Dinh, mai sayarwar nan fa cewa ya yi ƙasa mai tsami take so. Farar ƙasa kashe tsami take yi."

"Mai sayarwa! Yaron da aka haifa ina noma? Ke dai je ki duba miyarki."

Ya leƙa katanga ya hau maƙwabciyarsa, tsohuwa Tham, da masifa.

"Inna, karenki ne! Kullum a tukunyata yake ɗaga ƙafa. Baƙin ciki kuke yi ɗana zai yi aure!"

"Karena ya mutu tun bara, Khiem. Kai ka haƙa masa rami."

"To kurwarsa ce!"

Ya dawo yana huci, ya ƙara zuba farar ƙasa, wai magani.

Ranar ziyara bishiyoyin sun zama kamar an tsoma su a kurkum. Dinh ya roƙe shi su tsaya kasuwa su sayi lemo. Khiem ya gyara kwalar rigarsa.

"Kai yaro ne. Ba rawaya ce launin arziki a sabuwar shekara ba? Zuba ido ka ga aikin manya."

A falon surukai ya miƙe ya yi jawabi. "Wannan irin zinariya ne. Duk garin nan ni kaɗai ke da shi."

Kakar yarinyar ta miƙa hannu ta taɓa reshe ɗaya. Ganye ya zubo shaa, har cikin kofin shayin Khiem. Ta tona ƙasar tukunyar da ɗan yatsa, ya fito fari fat.

"Me ka ba ta?"

"Abin da nake ba kabejina, Kaka."

"Ita kabeji ce?"

Ta share ɗan yatsanta, ta ci gaba.

"An kawo maka baƙuwa gidanka, ba ka tambayi me take so ba, ka ɗura mata abin da ka saba. Ta yi ciwo, ka sa mata sunan zinariya. Haka za a yi wa jikata? Ɗauki kayanka. Ranar da ganyen nan ya koma kore, ku dawo mu sa rana."

A hanyar gida Dinh ya yi gaba abinsa, ya bar ubansa a baya da tukwanen. Wannan ya fi zagi ciwo.

Washegari aka ga Khiem a kan tudu yana tsintar busasshen ganyen bishiyar fayin, siriri kamar allura, mai sa ƙasa tsami. Ya juye tukwanen, ya sake ƙasa, ya tara ruwan sama a baho. Yana yi yana mita.

"Ni Khiem, da girmana, na zama bawan ciyawa!"

Tham ta leƙo ta katanga. "Yaya kurwar karen?"

"Inna, ki bar ni da abin da ya ishe ni."

Sai bayan damina sabon toho ya fito, kore shar. Khiem ya rungumi tukwanen ya nufi gidan surukai da kansa. Wannan karon bai yi jawabi ba.

Darasi: Ba kowace shuka ce kabeji ba. Kafin ka yi wa wani abin da kake kira alheri, tambayi abin da yake buƙata, kuma in ganye ya canza launi, fara duba hannunka kafin ka leƙa katangar maƙwabci. Ku tura wa masu taurin kan gidanku, ban dai kira suna ba.