Atishawar Sarki da Garin Furen Lalle

Ku matso ku ji! Wannan da idona na gani, ina tsugune a bakin zaure. Kar wani ya ce mini ai a zamanin da aka yi. Yo ni yaron jiya ne?

A wata ƙasa an yi wani sarki adali, sai atishawa ta sa shi gaba. Kun san al'adar fada, sarki ba ya atishawa a idon talakawa. Da ya ɗaga hanci sai dogarai su baza manyan riguna su kare shi. Su kuwa rigunan nan kowacce ta sha almiski da turaren wuta har ta ƙoshi, don kowane dogari so yake a ce nasa ya fi tashi. Suna bazawa, sarki ya ƙara wata. Su matso, ya ƙara uku. Ran da na ƙirga, ɗari tara da tara ya yi kafin azahar.

Sarki ya ce, "Waziri, na rufe shari'a sai hancin nan ya lafa. Nemo magani."

Waziri Tunau ya tara malamai, aka sha rubutu, shiru. Fatake suka kawo turare mai ƙarfi daga gabas. Shaƙa ɗaya, rawanin sarki ya karkace.

To akwai wata tsohuwa, Yalwa, maƙwabcinta ya ƙwace mata gonar lalle. Ruwan shuka na sauka zai tuge lallen ya zuba gero. Kwana arba'in tana zaman ƙofar fada, ga hadari ya fara haɗuwa. Ran nan ta tare Waziri.

"Allah ya ba ka nasara, ni ba malama ba ce, amma ina da hanci. Ina jin dogaranku tun kafin in gan su. Sarki lafiyarsa ƙalau, shaƙe shi kuke yi."

"Haba Iya! Sarki ya zauna ba ƙamshi, sai ka ce mai tallar daddawa?"

Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan ƙulli. Busasshen furen lalle ne, an daka da farar ƙasa, an tankaɗe, lukwi.

"Shi nake barbaɗa wa tufafina kullum. Ba ya riga mutum shiga ɗaki, a bayansa yake tafe. Sai ka matso za ka ji shi, sanyi-sanyi."

Waziri ya sunsuna. Ya san in ya ce wa dogarai turarensu ne ciwon, fada ba za ta zaunu ba. Sai ya ce musu mugun abu ne ya ɓuya cikin riguna, a kai rafi a wanke sau bakwai. Da suka bushe, ya bi su ɗaya-ɗaya da garin furen lallen Yalwa.

Washegari sarki ya zauna, ya ɗaga hanci don sabo. Dogarai suka baza riguna, fuu! Muka kasa kunne. Tsit. Can daga bayan riguna muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Waziri, haka zanen mahaifiyata yake ƙamshi in ta goya ni. Na wane ne?"

"Ranka ya daɗe, mai shi na ƙofa da ƙara, yau kwana arba'in da biyu."

"A fara da ita."

Dattawan unguwa suka ba da shaida, aka mayar wa Yalwa gonarta. Ba ta isa gida ba ruwan shuka ya goce.

Duk haka aka yi, ban rage ba. Ɗari tara da taran nan ce kaɗai tawa. Ni da ƙirgata ke ƙarewa a yatsun ƙafa!