Jan Goro a Ƙwaryar Uba

Akwai wata yarinya a nan Malanville, sunanta Rauda, ɗiyar Hajiya Zainabu mai atamfa. Kanta na ja ƙwarai, kullum ita ce ta ɗaya a lakwal, wato makarantar boko. Sai dai ta san tana da ƙoƙari, kuma ta san gidansu gida ne, in tana magana kamar tana yi maka ragi.

Yayanta Khalidu, mai lodin albasa zuwa Gaya, ya auro Aisatu daga Garou. Allah ya ba su ɗa namiji, Bilyaminu. Tun bai fara tafiya ba hannuwansa sunka fara kumburi, in sanyi ya shigo ya wuni yana kukan da ke sa babba ya bar ɗaki. A asibiti anka ce amosanin jini ne, ciwon gado.

Kalmar gado kawai mutanen gidan sunka riƙe. Hajiya ta ce a danginsu ba a taɓa jin wannan ba, ga 'ya'yanta nan garau.

Ran nan ana suna a maƙwabta, mata cike da tsakar gida, wata ta tambayi jikin yaron. Kafin uwarsa ta buɗe baki Rauda ta amsa.

"Ai tsarabar Garou ce. Da ita anka zo muna cikin kayan ɗaki."

Mata sunka yi dariya. Aisatu ta gyara goyonta ta fita. Kafin sati ya zagayo ta koma gidan ubanta da ɗanta. Khalidu ya yi biko har ya gaji, uban ya ce ɗiyarsa ba ta zama inda ake kiranta mai mugun jini.

Ana haka sai malamin kimiyya ya raba wa ajinsu Rauda aiki, kowane rukuni ya yi bayani kan ciwo ɗaya da ake gado. Rauda ta yi wuf ta ɗauki amosanin jini, har tana faɗa wa 'yan aji tana da misali a gida, kowa ya san matar da take nufi. Ba ta tsaya karanta littafin da kyau ba, don a ganinta ta riga ta san amsa.

Malamin ya ce ba ya son surutu kawai, a zo da abin da ido zai gani. Samiha, abokiyar aikinta, uwarta na sayar da goro, sai ta zo da fari da ja da ƙananan ƙore biyu. Farin goro lafiyayyen iri, ja mai ɗauke da ciwon. Ƙwarya ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa, kowace goro biyu.

Ranar gwaji Rauda ta fito gaban aji. Ta sa fari biyu a ƙwaryar uba, ta sa fari da ja a ta uwa, tana murmushi.

Malamin ya ce, "Madalla. Ɗa na ɗaukar guda wajen uba, guda wajen uwa, kuma ba ya kwanciya da ciwon sai ya haɗa ja biyu. To, ciro mini ɗa mai ciwo."

Ta ciro, fari da ja. Ta mayar ta sake, fari da fari. Ta sake, ta sake, ja biyu sunka ƙi fitowa.

Samiha ta matso ta ce a hankali, "Rauda, ba ya fita sai kin sa ja cikin ta uban."

A hankali ta faɗa, amma har na bencin baya sun ji. Malamin bai san maganar gidansu ba, ya ci gaba da bayani. Ya ce mai ja ɗaya lafiya lau yake yawo, yana aikinsa bai sani ba, kuma shi ma wajen iyayensa ya samo.

Wani yaro daga baya ya ce, "Ashe tsarabar har da ta birni."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mata sauƙi. Rauda ta koma wurinta ta kifa kai.

Ta iske Khalidu a kasuwa tsakanin buhunan albasa, ta yi masa bayani tana kallon ƙasa. Sunka je anka gwada jininsu su biyu. Shi yana ɗauke da shi, ita ma haka.

Da ta faɗa wa Hajiya, sai Hajiyar ta ce, "Ke rufa mini baki. Wagga magana kar ta fita ɗakin nan."

Rauda ta hau kabu-kabu ta tafi Garou. Ta tarar da Aisatu a bayan gida tana gasa wa yaron ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi. Ta durƙusa, ta faɗi duk abin da ta gano, ta ce, "Yaya Aisatu, ki yafe mini."

Aisatu ta matse tsumman kafin ta ɗago.

"Mi kinka zo yi nan? Gaban mata kinka faɗa, cike da gida. Nan ba kowa sai ni da awaki."

Rauda ta dawo ba a ko ba ta ruwa ba.

Ba a daɗe ba anka yi wani suna a unguwarsu, matan nan dai su ne. Hajiya na zaune kan tabarma a gaba. Da anka kawo farantin goro, Rauda ta miƙe ta ɗebi huɗu, fari biyu ja biyu, ta roƙi a saurare ta. Ta nuna musu yadda abin yake, ta ce, "Jan nan guda namu ne. Yaya na da shi, ni ma ina da shi. Ƙarya na yi wa Yaya Aisatu, ku da kunka ji ku shaida."

Wata tsohuwa ta ce, "Ke ɗiya, kin san abin da kike yi wa kanki? Masu 'ya'ya maza na zaune a nan."

"Na sani, Inna. Gara su ji yanzu, a gwada kafin a ɗaura."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da ta buɗe ba ta dubi kowa ba, ta nemi takalmanta.

"Ki tsayar mini da kabu-kabu. Ni zan je da kaina."

Da la'asar Aisatu ta shigo gida a bayan surukarta. Rauda na tsaye bakin ƙofa ta kasa haɗa ido da ita. Aisatu ta kwance goyo ta miƙa mata yaron.

"Riƙe shi da kyau, ƙafar na ciwo."

Darasi: Ni ko buhun albasa ba na saye sai na sa an zazzage mini shi har ƙasa, balle maganar da za ta raba mace da ɗakinta. Kar ku ɗora wa uwa ita kaɗai ciwon da mutum biyu sunka haɗu sunka ba ɗa. Wanda ya ci mutuncin wani gaban jama'a, ya gyara gaban jama'a. Ku gwada jini kafin aure, kuma ku tura wannan ga duk gidan da kunka san ana zargin wata baiwar Allah.