Man Famfo Da Ya Koma Kamar Nono

Akwai wani dattijo mai wankin motoci a bakin hanya. Yana da inji guda ɗaya mai feshin ruwa da ƙarfi, da shi yake ciyar da gidansa. A jikin famfon injin akwai ɗan gilashi inda ake leƙa mai. Wata safiya ya leƙa, ya ga man da ya saba gani kamar zuma ya koma fari kamar nono. Ya ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi, sai ya yi tartsatsi. Nan ya gane ruwa ya shiga. In kuwa ruwa ya zauna cikin mai, ƙarafan ciki za su yi tsatsa, famfon ya cije, abincin gidan ya tsaya.

Sai ya kai injin wurin wani bakanike. Bakaniken ya ce, "Ƙaramin abu ne, Baba. Robobin da ke tare ruwa ne suka cinye. Zan sa sababbi." Da yamma dattijon ya karɓi injinsa. Bai daɗe ba, man ya sake yin fari.

Da ya koma, bakaniken ya yi masa dariya a gaban mutanen garejin. "Ku masu wankin mota haka kuke. In kun gama da mota, sai ku juya tiyo a kan injin, ruwa ya bi ta murfin mai. Hannunka ne, Baba, ba aikina ba." Ya juye man, ya zuba wani, ya sallame shi.

Dattijon bai yi gardama ba, gama maganar tana iya zama gaskiya. Ya janye injin nesa da wurin feshi, ya yi masa rumfa, ya lura ko ɗigo bai taɓa murfin ba. Duk da haka man ya yi fari. Yanzu ya tabbata daga ciki ruwan yake zuwa.

Ya koma garejin, ya tarar bakaniken har ya ɗauko galan ɗin mai.

"Ajiye wannan, ɗana. Ba don juyen mai na zo ba. Buɗe famfon a gabana."

"Baba, aiki ya yi mini yawa. Ka bari sai gobe."

"Ni ma ina da aiki, kai ka tsayar mini da shi. Ga benci, na zauna. Ɗauko sifana."

Waɗanda aka yi masa dariya a gabansu ranar suka matso. Da aka buɗe, babu sabuwar roba ko ɗaya. Tsohon tub ɗin tayar babur ne aka yanka da almakashi aka cusa, ya kumbura, ya yage.

Bakaniken ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Baba. Ranar ban samu zuwa kasuwa ba."

"Na haƙura. Amma haƙurina ba zai tare ruwa ba. Je ka kawo na gaske. Kafin ka tafi kuma, gaya wa mutanen nan hannun wa ne."

Bakaniken ya faɗa da bakinsa cewa hannunsa ne, kowa ya ji. Ya kawo robobi na gaske, ya wanke cikin famfon tas, ya ɗaura. Aka tayar da injin, ruwa ya fita da ƙarfin da dattijon ya manta injinsa yana da shi. Damina ta zo ta wuce, man yana nan garau. Dattijon ya ci gaba da aikinsa yana yabon Allah.

Ma'anar misalin nan ita ce, kuma ku saurara da kyau. Famfon shi ne zamanmu da juna. Ruwan cikin mai shi ne laifin da aka yi aka rufe. Juyen mai kuwa shi ne "yi haƙuri" da muke jefa wa juna a ƙofar majami'a, mu wuce, ɓarnar tana nan. Wannan hali yana ɓata mini rai ƙwarai. Na tsufa ina duba aikin 'yan makaranta, ban taɓa karɓar murmushi a madadin gyara ba. Wanda ya yi kuskure yakan zauna ya sake aikin daidai.

Kai da aka cuta, yi kamar dattijon. Fara bincika kanka, ko laifin naka ne. In ba naka ba ne, ka gafarta, amma ka tsaya a buɗe maganar a gyara. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, gama Ubangiji mai jinƙai ne, mai gaskiya ne kuma.

Kai kuma da ka ɓata sunan ɗan'uwanka a gaban jama'a, ko ka yi masa aikin ha'inci, ka san kanka, ka kuma san gidansa. Tuba da ba ta gyara kome ba, ba tuba ba ce. Kada Lahadi mai zuwa ta same ka a kan bencin nan ba ka je ba.