Fatar Dunduniyar Hagu

Asabar ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi, har azahar rana ba ta leƙo ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalma, ana ce masa Baba Basilla. Shagonsa ɗan ƙarami ne: benci ɗaya, guduma, gwangwanin gam, sai wata tsohuwar rediyo da ya ɗaure bayanta da roba. Maƙwabcinsa mai aski ne, shi ke da talabijin, saboda haka duk ranar wasa a wurinsa ake taruwa.

A wannan Asabar ɗin ƙungiyar da ɗansa ke tsare wa raga za ta buga babban wasa. Dogo ake kiran ɗan. Shekara bakwai ke nan rabon uban da ɗan su yi magana.

Ga yadda abin ya faru.

A da, Baba Basilla ya fi kowa baki a harkar ƙwallo. Akwai wani shirin rediyo da ake yi da yamma bayan wasa, magoya baya su bugo waya su faɗi ra'ayinsu. Shi ba ya fashi. Ba ya faɗin sunansa, sai ya ce, "Ba-Sani-Ba-Sabo ne ke magana." Daga nan ya fara yanka. Wannan ɗan gaba ciki ya yi masa yawa, wancan koci gara ya koma kiwon kaji. Mutane na dariya, shi kuma kansa na ƙara girma.

Dogo kuwa tun yana ƙarami yake tsaron raga. Yana ɗan shekara tara ya faɗo daga keke, ya ji ciwo a ƙafarsa ta hagu, ta warke amma dunduniyar ta ɗan karkace waje. Ba wanda ya lura, har uwarsa. Uban ne ya gane, domin duk takalmin da yaron ya sa, gefe guda yake cinyewa. Mai gyaran takalmi ba ya kallon fuska, ƙasan takalmi yake karantawa.

Tun daga nan, duk lokacin da Dogo ya sami sabon takalmin ƙwallo, sai uban ya ce, "Kawo in duba ɗinkin." Ya ɗaga shimfiɗar ciki, ya yanka 'yar fata mai kauri a gefe ɗaya, siririya a ɗaya gefen, ya manna a ƙarƙashin dunduniyar hagu, ya mayar da shimfiɗar. Bai taɓa gaya wa yaron ba. A ganinsa, in yaro ya san yana da tawaya, zai riƙa tsoron ƙafarsa.

Dogo ya shiga kwaleji, ya zama mai tsaron ragarsu, har suka kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji. Aka raba musu sababbin takalma. Ya kawo wa ubansa nasa ana saura kwana biyu, kamar yadda ya saba.

Baba Basilla ya yanka fatar, ya ajiye ta a kan benci. Sai musu ya kaure a shagon mai aski a kan wane ne gwanin 'yan baya a gasar. Ya ce bari ya je ya gyara musu magana. Ya je da hantsi, bai dawo ba sai la'asar. Washegari Dogo ya zo a gurguje, motar 'yan wasa na jiransa, ya ga takalmansa a leda, ya ɗauka ya wuce.

Ranar wasa aka yi ruwa. Ana saura minti huɗu a tashi, aka bugo wata ƙwallo mara ƙarfi ta hannun damansa. Dogo ya taka ƙafar hagu zai yi tsalle, ƙafar ta zame, ƙwallo ta gangara raga a hankali kamar mai jin kunya. Kofi ya tafi.

Da Baba Basilla ya koma shago, abin da ya fara gani a kan benci shi ne fatar nan.

Ya tsaya yana kallonta. A lokacin mai aski ya leƙo da wasu mutum uku a bayansa. "To, Ba-Sani-Ba-Sabo, yau fa a gidanka gobarar take. Mu ji ko bakin zai buɗu."

Da ya yi shiru da ya fi. Amma sai ya tura fatar cikin gwangwani da gefen hannu, ya ɗauki waya.

"Wannan mai tsaron ragar," in ji shi a rediyo, "ba shi da ƙafa, ba shi da zuciya. Tsayi kawai Allah Ya ba shi. Ya je ya nemi aikin cire yanar gizo a silin."

Aka yi ta dariya a shagon aski. Shi yana ganin laƙabi ya rufa masa asiri. Ya manta ɗa ba ya ɓata muryar ubansa. Rediyon motar 'yan wasa a kunne take, Dogo na zaune a kujerar baya, ya ji komai.

Bai yi faɗa ba. Ya zo gida ya haɗa kayansa, ya durƙusa ya yi wa uwarsa sallama. Da ya zo wucewa ta gaban uban, sai ya ce, "Na ji, Baba." Shi ke nan.

Bayan shekara biyu wata ƙungiyar ƙwararru a wani gari mai nisa ta ɗauke shi.

Tun daga ranar Baba Basilla bai sake bugawa rediyo waya ba. Bai kuma sake zama a shagon aski ba. In ana wasan ƙungiyar Dogo, sai ya ɗauko takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa yana gogewa, wai hasken wajen ya fi. Mai aski ya taɓa ce masa, "Wannan takalmin da kake gogewa tun bara, mai shi ya mutu ne?" Ya ci gaba da gugarsa.

A gida kuma, duk Juma'a Dogo na kiran uwarsa. Baba Basilla sai ya zauna a tsakar gida da guduma kamar mai aiki. Da zarar wayar ta yi ƙara, gudumar ta yi shiru. Ba ya jin abin da ɗan ke faɗa, sai amsar uwar. Da ita yake haɗa labarin: ya yi aure, an haifa masa 'ya mace, ta fara tafiya.

Wata rana matar ta ce, "Malam, ga waya. Ka ce masa sannu kawai."

Ya ce, "Shi ya tafi."

"Kai ka kore shi."

Ya ɗauki gudumarsa ya fita. Ko ita bai taɓa gaya wa zancen fatar ba.

Abin da ya fi cin ransa shi ne abin da yake gani a talabijin. In ƙasa a bushe take, Dogo bango ne. In an yi ruwa, sai ya ga yana ɗan jinkiri kafin ya faɗa dama, kamar mai tambayar ƙafarsa izini. Magoya baya suka sa masa ido, suna cewa ruwa na narkar da shi kamar sabulu. Uban kaɗai ya san dalili, ga shi kuma a cikin gwangwani, ƙarƙashin ƙusoshi.

To, mu dawo ga Asabar ɗin nan mai yayyafi.

Shagon aski ya cika. Baba Basilla na bakin ƙofa da takalminsa na kullum. Aka nuno filin, ruwa kwance a gaban raga.

Dogo ya kaɗe ƙwallo huɗu kafin hutun rabin lokaci. Ba wanda ya ce komai a kai. Bayan an dawo, aka bugo ɗaya ta dama, ƙasa-ƙasa. Ƙafar hagu ta zame. Aka tashi ɗaya da nema.

Kyamara ta tsaya a kan Dogo yana zaune cikin laka, yana kallon takalminsa. Furfura ta fara fito masa a gefen kai. Uban bai san da ita ba.

Wani direba ya ce, "A sayar da shi kawai. Kai, a bayar da shi kyauta, a haɗa da kuɗin mota."

Wani ya ce, "Tun yana kwaleji haka yake. Ai har ubansa ya faɗa."

Mai aski ya yi masa ido, amma magana ta riga ta fita.

Baba Basilla ya koma shagonsa ya kunna rediyo. An fara shirin. Mutum shida suka bugo a jere, duk magana ɗaya: a ajiye Dogo, a kawo yaro. Ɗaya ma ya ce ya ji koci ya gama yanke shawara. Na bakwai ya maimaita zancen yanar gizo, yana dariya, bai ma san wanda ya ƙirƙiro shi ba.

Dattijon ya zazzage gwangwani a kan benci. Fatar ta faɗo, ta bushe ta yi baƙi. Ya riƙe ta a hannun hagu, ya danna lambar da dama. Bai manta lambar ba.

Mai gabatar da shirin ya ce, "Wa ke kan layi?"

"Ba-Sani-Ba-Sabo."

"Ikon Allah. Baba, kana raye? Shekara nawa. To, yau Dogo ya shiga uku, ga mai yankan ya dawo. Bismilla."

Baba Basilla ya yi gyaran murya. "Ba yanka na zo yi ba. Ni mai gyaran takalma ne. Dogo ɗana ne."



Ya ci gaba. Ya faɗi zancen keke, da dunduniyar da ta karkace, da fatar da yake mannawa a ɓoye. Ya faɗi ranar da ya bar aiki a kan benci ya tafi musu. "Na san abin da ya kayar da shi a wasan kwaleji. Ina riƙe da shi a hannuna yanzu. Amma na bugo nan na ce ba shi da zuciya, don kada abokaina su ce na yi sanayya. Yaron nan shekara bakwai yana tsare raga da ƙafar da ba ta zauna daidai ba, bai sani ba, kuma duk da haka ya kai inda ya kai. Ku da kuke zaune a inuwa, wa ya ƙirga huɗun da ya kaɗe yau?"

Mai gabatarwa ya ce a hankali, "Baba, in yana jin ka, me za ka ce masa?"

Dattijon ya ce, "Ba zai ji ba. Amma laifina ne. Shi ke nan."

Ya kashe wayar. Da ya ɗaga kai, mai aski na tsaye a ƙofa da almakashi a hannu. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya ce, "Bar aikin ka tafi gida, zan shigar maka da benci."

Ya isa gida ana kiran magariba. Matar na zaune a bakin ɗaki, idanunta sun yi ja.

Ta ce, "Shekara bakwai kana kwana da wannan a ciki, ko ni ba ka gaya wa ba."

Ya ce, "Ke ma kin ji?"

"Ni da shi. Ka ce ba zai ji ba. Bai taɓa fashin shirin nan ba, ta waya yake kamawa. Na sha tambayarsa me yake nema a wurin masu zaginsa, ya ce yana so ya ji ko za ka sake bugowa."

Baba Basilla ya zauna a kan turmi.

Bayan sun yi salla wayarta ta yi ƙara. Ba Juma'a ba ce. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo masa. Wannan karon ya karɓa.

Ya kara ta a kunne. Yana jin numfashi, da muryar wata 'yar yarinya can nesa tana kiran babanta.

Sai Dogo ya ce, "Baba, ina wuni."

"Lafiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi." Sai ya ƙara da cewa, "Takalmi lamba arba'in da huɗu nake sawa yanzu."

"Na sani. Ina gani a talabijin."

"Muna da wasa ran Laraba. Koci ya ce zai ba ni wannan ɗin ya gani. An ce za a yi ruwa."

 Baba Basilla ya ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa takalman."

"To, Baba. Jikarka ma nata ya tsinke."

"A ajiye min shi."

Washegari bai buɗe wa kowa shago ba. Ya shiga shi kaɗai, ya zaɓi fata mafi kyau da yake da ita, ya yanka sabuwa daidai arba'in da huɗu. Ya sa ta a jaka tare da basilla, zare da gam. Tsohuwar fatar kuma ya sa ta a aljihun gaba. Ya miƙa wa mai aski makulli, ya nufi tasha, ya shiga motar farko.

Darasi: Ɗan wasan da kake zagi don a yi maka dariya ɗan wani ne, kuma ba ka san abin da ke cikin takalminsa ba. In ka san kai ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kada girman kai ya cinye maka shekaru. Ku tura wa duk wanda kuka san bakinsa ya fi ƙafarsa iya ƙwallo, da duk uban da ke jiran ɗansa ya fara kira.