Farfesan da Ya Datse Leɓe a Kan Kofi

Masanin da ya ga gaskiya ya ɓoye ta don kare sunansa ya fi ɓarawo ɓarna. Na faɗa, ba zan janye ba.

An yi wani mutum, masanin ruwa. A ɗakin gwaji ya yi furfura. Shi ya yi binciken da ya nuna ruwan ƙarƙashin wata unguwa mai kyau ne. Da wannan binciken ya zama farfesa, aka ba shi lambar yabo, aka haƙa rijiyar burtsatse aka sa mata sunansa.

Ana gab da buɗe ta ya sake gwada ruwan, sai ya ga gubar dalma, tana tsatsafowa daga wata tsohuwar masana'antar batir. Ya maimaita, bai ga canji ba. Ya dubi kwalbar gwajin, ya dubi lambar da ke rataye a bango. Ya ce a ransa, "Ai kaɗan ce." Ya tuttular da ruwan.

Ranar buɗewa aka miƙa masa kofin farko. Ya kai baki, ya datse leɓe, ya motsa maƙogwaro kamar mai sha. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Ya 'yan uwa, wa ya ruɗa? Mai hoto ya ga kofi, Ubangiji ya ga leɓe.

Daga baya 'yarsa ta koma unguwar da mijinta. Ya kira ta ya ce, "Auta, ki riƙa sayen ruwan kwalba, kin ji?"

Ta yi dariya. "Haba Baba, rijiyarka fa! Har hotonka kana sha nake yi wa maƙwabta yanga da shi."

Nan ma ya ɓoye gaskiya. Da ruwan rijiyar take haɗa wa jaririnta madara.

Jaririn ya fara jijjiga, shi da wasu yaran unguwar. Likitoci suka bi sawu har rijiyar. Ranar da aka binne jaririn, uwar ta tsaya gaban mahaifinta. "Baba, ka sani?"

Bai ɗago kai ba.

Ilimi amana ne. Cewa "na yi kuskure" ba ta rage malami, ƙin faɗarta ke kashe mutane.

Aka ƙwace lambar, aka kankare sunansa. 'Yarsa ba ta sake taka gidansa ba. Shanyewar jiki ta kama shi, haɗiya ta gagara. Yanzu in an kai masa kofi baki, ruwan a ƙirjinsa yake zuba.

Allah ya kiyaye mu da ilimin da zai ba da shaida a kanmu.