Mashigar Uwar Tomij

A zamanin da, can ƙasar Bangala inda koguna suka fi hanyoyi yawa, an yi wani sarki da abu guda ya hana shi sakat: ba shi da garin da zai ci sunansa. Kowace damina kogi kan yagi gaɓa ya haɗiye, gona da kabari duk ɗaya ne a wurinsa. Talakawa kuwa sun san halin abinsu. Da gora suke gini, su ɗaure da igiya. Da sun ga ƙasa ta tsage, sai su kwance gida, su loda a kwale-kwale, su yi gaba. Ni dai ban ga aibun wannan ba.

Sarki ya tara fada ya ce, "Waziri, sarautar da ake kwancewa a loda ba sarauta ba ce. Ina son gari mai sunana wanda jikoki za su tarar."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, gari ba ya zama sai mutanensa sun rasa hanyar tashi. A hana gora, a yi ginin tubali, a karɓe jiragen ruwansu."

Fatake suka ce madalla, don su ke sayar da tubalin. Aka yi shela, aka gina, aka raɗa wa gari sunan sarki.

Kogi bai ji shela ba. Ranar da ƙasa ta tsage, mutane suka tsaya suna kallon bangon da ba ya kwantuwa. Kafin la'asar babu gari.

Wata mata, Fuljan, ta tsira bisa kututturen ayaba. Ɗanta Tomij, shi kaɗai gare ta, bai tsira ba. Ta shiga fada da laka har gwiwa, ba ta durƙusa ba.

Waziri ya daka mata tsawa: "Ke! Gaban sarki kike!"

Ta ce, "Na sani. Garinsa ne na bari a ƙarƙashin ruwa, na zo in gaya masa, ko zai aika a karɓo haraji."

 Sarki ya ce, "Baiwar Allah, faɗi abin da za a yi miki. Ko a sa wa gundumar sunanki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, suna ba ya ɗaukar mutum a ruwa. A mayar mana da jiragenmu."

Aka mayar. Aka tuɓe waziri, aka zaunar da shi a ɗakin tubali a bakin gaɓa, ba jirgi, ya jira damina kamar yadda ya sa wasu suka jira. Hukunci ya yi, amma bai fito da ko mutum ɗaya daga ruwa ba.

Fuljan ta kafa rumfa inda ruwa ya tsaya, tana duban kogi. Kogi ya ci gaɓa, ta matsa. Ya sake ci, ta sake matsawa. Masu jirgi idan an tambaye su ina za su, sai su ce, "Mashigar uwar Tomij." Da haka kasuwa ta kafu, da haka gundumar duka ta ɗauki sunan da harshensu, har aka manta da na sarkin.

Kada wani ya ce mini ta ci riba. Har ta mutu, duk wanda ya ambaci sunan mashigar a gabanta, mutuwar ɗanta ya tuna mata.