Gadar Toka da Cokalin Baba Jatau

Ku kasa kunne, yau shari'a na kawo muku, kuma ba na son mai cewa "duk ɗaya ne".

A wani ƙauye can bisa dutse, inda sanyi ke sa man shanu ya yi tauri kamar sabulu, an yi wani magini ana ce masa Baba Jatau. Tsakanin ƙauyen da asibiti akwai rafi, in damina ta sauka sai ya cika ya hana wucewa. A bakin rafin nan matarsa Dije ta rasu tana naƙuda, ana hango rufin asibiti a ƙetare. Tun ranar ya ɗauki alkawarin yin gada. Ya zuba siminti, sanyi ya tsattsaga shi. Ya sake, ya sake tsagewa. Ga tsufa ya zo, hannu ya fara rawa, abin tausayi.

Sai ya kira 'ya'yansa uku, ya ɗaga tsohon cokalinsa na gini, wanda ya gada wurin mahaifinsa. Ya ce, "Wanda ya yi mini gadar nan, shi ne magajina, wannan nasa ne."

Babban, Ladan, ya yi karatun gini a birni. Ya bar aikinsa ya dawo da wata dabara, wai za a yi kankare ba siminti, da tokar ɓuntun shinkafa da gasasshen yumɓu da ruwan soda irin ta masu sabulu. Turawa suna da wani dogon suna da suke kiransa, ni harshena bai iya ɗauka. Ya ce in ya kama, sanyi ba ya fasa shi, kuma ba ya buƙatar irin tanderun nan na siminti da ke turnuƙe sama da hayaƙi. Ya yi ta gwaji yana lalacewa, har yara suka sa masa Malam Toka. Bai daddara ba sai da ya gano ma'aunin.

To, sanin magani daban, haɗa shi daban. Leburori suka watse, suka ce toka ba ta ɗaukar kaza balle mutum. Sai ƙanensa Barau ya ja jakuna, ya bi injinan casa na kwari yana kwaso toka yana hawa dutse da ita. Shi ya kwaɓa, shi ya zuba. Sodar ta cinye masa tafin hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, amma bai taɓa cewa wayyo ba.

An zuba, an yi ta jira, kankare ya ƙi tauri, ka danna yatsa ya shige kamar tuwo. Ladan ya ce zafi yake so, kuma a wannan dutse ina za a samo shi? Ga hadari ya fara haɗowa.

Autarsu Hansatu ungozoma ce, ba ta san komai a gini ba. Ta taɓa gadar ta ji ta yi sanyi ƙalau, ta ce, "Yaya, ai wannan mai jego ce, gashi za a yi mata." Mutane suka fashe da dariya. Ita ko ta tara matan da ta taɓa karɓa wa haihuwa, suka jera rushi a ƙarƙashi kamar gadon jego, suka lulluɓe saman da ciyawa da barguna, har da nata bargon. Suka yi ta iza wuta bi da bi, tari ya kama ta, ba ta ɗaga ba. Ranar da aka yaye barguna, Barau ya buga guduma, ta yi tsalle ta dawo.

Ruwan farko ya sauka, rafi ya cika ya yi ta ruri. Kun san wa aka fara ƙetarawa da ita ta kan gadar? Matar Barau, tana naƙuda. Ta sauka lafiya, aka samu mace, aka sa mata Dije.

Baba Jatau ya sa aka kai shi tsakiyar gadar. Ya ƙwanƙwasa ta da cokalin, ya yi kuka irin na manya, wanda ba a jin sautinsa. Ya dubi Ladan, ya dubi hannun Barau, ya dubi Hansatu tana tari, sai ya mayar da cokalin aljihu. Kafin kaka Allah ya yi masa cikawa, bai miƙa wa kowa ba.

Cokalin na nan rataye a zaure, su ukun kowa na jin nauyin taɓa shi. To jama'a, a hannun wa za ku ɗora shi, Ladan, ko Barau, ko Hansatu?